Jan Zaren Mabruka

Ƙarfe takwas da kwata na safiyar Talata aka bugo waya caji ofis daga babban asibitin lardi, wai an sace injin wankin ƙoda. Sufeto Lutfi Majri yana tsakiyar cin lablabi, bai ma gama gutsuttsura burodi cikin romon waken ba. Ya ture kwanon ya tashi. Shekara ashirin da shida yana aikin ɗan sanda a lardinmu, ya kama ɓarayin tumaki da na zaitun, har da wanda ya kwance ƙofar makaranta, amma bai taɓa jin an saci abin da ya kai firji nauyi, wanda kuma ba shi da mai saye ba.

A bakin asibitin ya tarar ana shafa wa gindin itatuwa farin fenti. Mu nan in ka ga haka ba sai ka tambaya ba, baƙi ne daga Tunis. Kwamitin lafiya na majalisa ake jira ƙarfe biyu. Bara majalisa ta amince da kuɗin injuna goma sha biyu, huɗu-huɗu a asibitoci uku, shi ne 'yan kwamitin suka fito su gani da idonsu. Sun ga na Wadi Ratam, sun ga na Burj Zaitun, saura wannan.

Daraktan lafiya na lardi, Si Faisal, ya tarye shi yana share gumi duk da sanyin Disamba. Ya kai shi wani dogon ɗaki mai gadaje huɗu. Injuna uku na tsaye, gurbin na huɗun ba komai.

"Kafin ƙarfe biyu nake son ganinsa a nan, Sufeto. In suka ƙirga uku, na shiga uku."

"Wa ya kamata ya hau shi yau?"

"Babu. Mun ɗage masu jinya zuwa gobe saboda shara."

Sufeto ya nemi takardar sunayensu. Aka ce mai riƙe da ita ba ta zo ba. Ya zagaya bayan injunan, ya ga bututun ruwansu a naɗe a ƙasa, kuma bango ko ramin famfo babu. Ya sa farce ya ɗaga gefen sabuwar takardar da aka liƙa mai sunan asibitin. A ƙarƙashinta akwai wata, a ƙarƙashin waccan kuma akwai ta uku. Ya mayar ya danne da babban yatsa.

Maigadi, Ammi Salah, tsoho ne mai jar dara da ta koɗe. Ya rantse cewa tun jiya da safe ko keke bai fita da kaya ta ƙofarsa ba. Motar ɗaukar marasa lafiya ma tun Juma'a take ajiye, domin direbanta, Bilƙasim, yana zaman makoki, matarsa ta rasu.

Sufeto ya tsuguna gefen motar ya shafa taya. Yatsansa suka fito baƙi ƙirin, da ɗan wari mai tsami.

"Ammi, wannan ruwan matsar zaitun ne, kuma bai bushe ba. A wace hanya ake malalo shi kan titi?"

"Ni dai ban ga komai ba, Yallaɓai. Idanuna sun tsufa."

"Hanyar Wadi Ratam ce. Bilƙasim ɗan ina ne?"

Tsohon ya dubi ƙasa. Ya ce shi shekara biyu suka rage masa ya yi ritaya, a ji tausayinsa. Sufeto ya goge hannu da hankici ya bar shi.

Yana shirin shiga mota wata mata mai baƙar kwat ta tsayar da shi. Ta ce sunanta Salwa Hamruni, 'yar majalisa ce cikin kwamitin. Ta rigo abokanta zuwa da gangan, don ta gaji da isowa bayan fenti ya bushe. Ta ji labarin satar wajen mai shayi, kamar yadda ake jin komai a garin nan.

Ta buɗe wayarta ta nuna masa hoto. A Wadi Ratam aka ɗauke shi, kwana goma sha ɗaya da suka wuce. Wata mata ce ramammiya kwance a gado tana murmushi, jininta yana bin bututu. A hannun injin an ɗaura jan zaren ulu. Salwa ta ce sunan matar Mabruka, masaƙiyar darduma. Ita ta ɗaura zaren, wai cikin huɗun wannan ne kawai ba ya sa ta jiri, kuma ta hana kowa kwancewa.

Sai ta nuna hoto na biyu, a Burj Zaitun, bayan kwana biyu. Gado ba kowa, injin da sunan wani asibiti, jan zaren yana nan da irin ƙullinsa.

"Injuna huɗu ne kacal, Sufeto. Suna riga mu gaba a mota, mu muna binsu muna tafi. Na faɗa a kwamiti, shugabanmu ya ce an aiko ni duba kasafin kuɗi na koma ƙirga zare. Alhamis minista zai tsaya gabanmu ya amsa tambaya. Zai zo da takardu masu hatimi, ni kuwa hoton ulu ne a hannuna."

Ya tambaye ta me ya sa ziyarar ta ɗauki tsawon haka. Ta ce da a kwana huɗu za a gama, sai aka kira su Tunis jefa ƙuri'a, aka ɗage ta ƙarshen har sau biyu.

"Wato kwana goma ke nan Wadi Ratam ba inji," in ji Sufeto.

Salwa ta sauke wayar. Wannan lissafin ba ta yi shi ba sai yanzu, kuma ya ga yadda ya shige ta. Da ya gaya mata sunan matar direban da ta rasu, Mabruka, kamar yadda ya ji wajen maigadi, sai ta zauna a kan dakalin da aka shafa wa fenti, ba ta ma kula da kwat ɗinta ba.

Tafiyar awa ɗaya ce zuwa Wadi Ratam, tsakanin gonakin zaitun da mata ke tsinka sun shimfiɗa raga a ƙasa. Asibitin garin ƙarami ne. Ma'aikaciyar jinya, Najat, ta tare ƙofar sashen ƙoda da jikinta, ta ce a rufe yake, ana gyara, makullin yana wajen Si Faisal. Ba ta iya ƙarya ba, baiwar Allah. Tana cikin magana wani abu ya yi ƙara a ciki sau uku, ta juya da gudu ba ta san ta yi ba.

Sufeto ya bi ta. Wani dattijo na kwance, ƙafafunsa sun kumbura kamar tulu, injin yana ta aikinsa a gefe da jan zare a hannunsa. A jikin bango mutum shida suna zaune suna jiran layi, fuskokinsu duk sun yi fari. Ba wanda ya gaishe shi. Kallon da suke masa na tsoro ne, domin sun san abin da ya kawo shi.

A baranda ta baya ya sami Bilƙasim zaune kan benci, babban mutum mai faɗin kafaɗa, gemun kwana huɗu a fuskarsa. Bai tashi ba, bai kuma gudu ba.

"Ni ne, Yallaɓai. Jiya bayan la'asar na turo shi na sa a mota. Na kawo, na mayar da motar, na dawo a ta haya."

"Wa ya kama maka?"

"Ba kowa. Yana da tayoyi."

"Maigadi fa?"

"Yana salla."

Sufeto ya san injin ba ya hawa mota da hannu biyu, amma ya rubuta yadda aka gaya masa. Sauran bayanin Bilƙasim ya bayar da shi a hankali, yana kallon tafin hannunsa. Ranar da kwamiti ya bar garin, Si Faisal ya ce ya kwashe injunan ya kai Burj Zaitun, kwana biyu za a dawo da su. Shi ma'aikacin wucin gadi ne, shekara tara ana sabunta masa takarda wata shida-shida, bai saba cewa a'a ba. Aka ce masu jinya su nemi gurbi a asibitocin bakin teku. Ya kai Mabruka, tafiyar awa huɗu, suka yi mata wankin ƙoda sau ɗaya suka ce ba wuri. Kullum yana zuwa ofishin Si Faisal, kullum amsar ita ce gobe. Daren Alhamis numfashinta ya fara sarƙewa, Juma'a da hantsi ta cika.

"Ni na zare shi daga gefen gadonta, Yallaɓai. Tana kallona. Ta ce, 'Bilƙasim, kar ka bari su musanya mini nawa.' Na ce ba zan bari ba."

Ya ce a wajen gaisuwar mutuwa ya ga sauran, 'yan layinta, sun zo suna jan ƙafa, ya ga irin kumburin da ya gani a jikinta. Shi ya sa ya kasa zama.

Wayar Sufeto ta yi ƙara. Si Faisal ne, ƙarfe sha biyu da rabi. Da ya ji an ga injin sai muryarsa ta washe, ya ce a loda shi yanzu-yanzu, akwai sauran lokaci.

"Akwai mutum a jikinsa," in ji Sufeto.

"A cire shi mana, a mayar masa gobe."

Sufeto ya leƙa ta taga ya dubi mutum shidan. Shi ba jarumi ba ne, yana da 'ya'ya biyu a jami'a, kuma ya san cewa akwai caji ofis a bakin iyakar sahara da ake tura masu taurin kai. Amma doka ta ba shi abu ɗaya, ya kuwa yi amfani da shi.

"Kai ka kawo ƙarar sata, Si Faisal. Kayan sata shaida ne. Na rubuta lambarsa, na ajiye shi a inda na same shi, ba mai motsa shi sai da izinin alƙali. Su ma ukun can zan zo in ɗauki lambobinsu, da takardun da ke liƙe a jikinsu duka uku."

Ya kashe wayar ya kira Salwa. Ya ce in kwamiti na son ganin inji na huɗu, yana Wadi Ratam. Ta ce za ta juyo da motarsu ko da za ta kwanta a gabanta ne. Ta kuma roƙe shi lambar rahoton, domin ranar Alhamis ita za ta karanta wa minista, da sunan Mabruka.

Duk wannan bai wanke Bilƙasim ba. An shigar da ƙara, ya amsa laifi, kuma ba a janye irin wannan a baranda. Abin da ya fi yi wa Sufeto ciwo ke nan: cikin duk waɗanda suka yi yawo da injunan nan, wanda ya mayar da ɗaya gida shi kaɗai ne zai kwana a kulle yau.

Bilƙasim ya miƙe ya miƙo hannuwa. Sufeto ya ce ba sai da ankwa ba. Da suka zo wucewa ta ƙofar ɗakin, sai ya tsaya.

"Yallaɓai, alfarma ɗaya. Zaren nan. Daga dardumar da ba ta gama ba ta yanko shi. A ba ni in tafi da shi."

Sufeto ya dubi ƙullin. Zaren ne ya haɗa hotunan Salwa da injin, in aka kwance shi sai a ce ba shi ba ne.

"Ba zan iya ba, Bilƙasim. Sai bayan Alhamis, wataƙila ma sai bayan shari'a."

Bilƙasim ya gyaɗa kai. Ya matsa ya taɓa ƙullin da yatsa ɗaya, ya gyara shi.

"A bar shi. Dama ta ce kar a kwance."

Najat ta juya fuskarta bango. Dattijon da ke kan gado ya ɗaga hannun da ba allura, Bilƙasim ya kama ya saki.

Hanyar fita garin ta gefen maƙabarta ta bi. Sabon kabarin Mabruka yana kusa da shinge, ƙasarsa ba ta gama bushewa ba. Sufeto ya rage gudu, sannan ya taka birki ya kashe mota. Ya ce taya yake so ya duba. Ya fita ya tsuguna ta ɗaya gefen, ya daɗe yana duba tayar da ba abin da ya same ta, har sai da ya ji Bilƙasim ya dawo daga kabarin ya rufe ƙofar baya a hankali. Sannan ya tashi ya tayar da mota, suka kama hanyar caji ofis.