Kiɗan da Kunjan Bai Ƙarasa Ba

A bakin kogin Nila Ambili ta fara ganin Haridas, ranar bikin ɗakin bauta, yana rataye da ganga a bayan mahaifinsa, tsoho Kunjan. Suna haɗa ido ya kuskure bugu. Tsohon ya juyo ya harare shi, ita kuwa ta rufe baki tana dariya.

Tun daga ranar suka shaƙu. Yana ce mata 'Yar Wata, tana ce masa Mai Kuskure.

Da magana ta kai gida, mahaifinta ya ce, "Makaɗi? Damina na sauka biki ya ƙare, fatar ganga za ku dafa? Ga ɗan Raghavan can mai aiki a Dubai, shi ma yana so."

Haridas ya rataye gangarsa a bango, ya nemi aikin gini a Dubai shi ma. Kunjan bai hana shi ba. Cewa kawai ya yi, "Kiɗan rakiya zuwa kogi fa? Ban ba ka ba, kuma ni kaɗai na rage da shi."

"In na dawo, Baba."

Ana nan, wani ya tsegunta wa Haridas a can Dubai cewa kullum da safe Ambili na haye kogi a kwalekwale, ba a san wurin wa take zuwa ba. Ya tura mata saƙo: "'Yar Wata, in kin sami wani, ki faɗa min da bakinki."

Ta amsa: "Na yi alkawarin yin shiru. Ka yarda da ni, ka taho gida. Ina roƙonka, kada ka jinkirta."

Fushi ya hana shi amsawa. Saƙonta na gaba gajere ne: "Hari, Baba Kunjan ya rasu."

Ko da ya iso, an riga an ƙone gawar bisa al'ada, an zuba tokar a kogi. Yana zaune a ƙofar gida yana kuka, sai ya ji ana buga dutse a bayan ɗaki, bugun hannun mahaifinsa sak. Ambili ce, da sandunan tsamiya na koyon kiɗa, tafin hannunta duk ya yi kanta.

"Shi ya hana ni faɗa, kada ciwonsa ya raba ka da aikinka," ta ce. "Yana kwance yake koya min. Ba mu kai ƙarshe ba, Hari."

Ya durƙusa ya riƙe hannayenta. "Ki yafe min."

"Na yafe. Ɗauki sanda."

Mahaifinta, da ya biyo ta, ya daɗe yana kallon hannayen nan kafin ya ce, "To, wa kuma zan ba wa ita?"

Ranar aure, bayan Haridas ya ɗaura mata zaren aure a wuya, suka ɗauki ganguna su biyu suka nufi kogi. Da suka zo gaɓar da Kunjan ya tsaya da koyarwa, kiɗa ya yanke. Tsofaffi suka yi ta share hawaye.

Mahaifinta ya dafa kawunansu. "Ku tsufa tare," ya ce. "Abin da ya rage a hannunku, ku ba 'ya'yanku da wuri."