Kansila a Cikin Rami

Ƙawata, matso kusa ki ji. A ƙauyenmu abin nan ya faru, can wajen Buji, shekarar da mulki ya dawo hannun farar hula.

Juwairiyya na tsakar gida ita da mahaifiyarta Inna Maijidda, suna ɗaga atamfofin lefenta suna sa albarka, sai ga mahaifinta Alhaji Mika'ilu ya faɗo. Mutumin da bai taɓa shiga gida ba sallama ba!

"Maijidda! Rufe akwatunan nan. A mayar musu da kayansu."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Alhaji, lafiya? Biki fa bayan Salla ne!"

"Abokaina na kasuwar shanu na kwasa, na ce su zo su ga surukina kansila. A ofis aka ce yana firamare. Kin san inda muka same shi? Cikin rami! Daga shi sai singileti, jar ƙasa har gira, yana haƙa masai!"

Inna ta dafe ƙirji. "Masai? Mu'az ɗin?"

"Wai na yara mata 'yan makaranta. Ya ɗago kai yana mini 'Baba, barka da zuwa', ko kunya babu. Abokaina na ƙunshe dariya cikin rawani. Ni jikan Arɗo, a ce mai haƙar masai na ba 'yata? In yana sonta, ya fito daga ramin nan ya ba ni haƙuri, in ba haka ba kowa ya kama gabansa!"

Juwairiyya ta ruga ɗaki tana kuka kamar ranta zai fita.

Bayan la'asar Mu'az ya zo zance. Ta fito zaure idanu a kumbure.

"Haba Mu'az! Leburorin garin nan ƙarewa suka yi?"

"Sakatariya sun ce kuɗin leburori sai baɗi. Na tara samari, kowa ya ce a ba shi kowane aiki ban da wannan, kada budurwarsa ta guje shi." Ya yi ɗan murmushi. "Ashe da gaskiyarsu."

"Au, wasa ma kake yi!"

"Wallahi ba wasa. Da na shiga ramin, kafin azahar sun biyo ni. Haƙuri kuwa zan ba Baba ko da rarrafe. Amma in na fito yanzu, kowa zai fito, kuma na tabbatar musu aikin abin kunya ne. Yara mata daga aji huɗu suke watsewa, Juwai. Kin fi ni sanin dalili, ke kika gaya mini."

"Ko da za ka rasa ni?"

Ya sunkuyar da kai. "Iyayensu sun ba ni ƙuri'a. Amana ce."

Ta daɗe tana kallon kantar da ta fito masa a tafin hannu. Daga nan ta juya, ta wuce kai tsaye turakar mahaifinta, ta durƙusa. Inna ta biyo ta a tsorace.

"Baba, ka tuna da na ƙi makaranta a aji biyar, ka yi ta faɗa kana cewa lalaci ne?"

"Na tuna. Sai me?"

"Makarantar ba ban-ɗaki. Cikin sabara muke zagawa. Ran nan wasu samari suka bi ni, suka hau bishiya suna leƙe, suna kiran sunana…" Kuka ya ci ƙarfinta. "Kunya ta hana ni faɗa. Yanzu ga ƙanwata Safa a aji huɗu. Tun safe ba ta shan ruwa sai an tashi, don tsoron dajin nan."

Inna ta saki salati. Carbin da ke hannun Alhaji ya suɓuce ya faɗi ƙasa.

"'Yata? Ina raye?"

Akwatuna dai ba su bar gidan ba. Bayan Salla aka ɗaura aure, kuma Safa ta gama firamare, har ta wuce sakandare a Dutse.

To kin ji, ƙawata. Malamai sun ce shugaban mutane shi ne mai yi musu hidima. Girman da ba ya rufa asirin yaran talakawa, babbar riga ce kawai. Mahaƙurci kuma mawadaci ne.

Amma ga abin da ya sa na ce ki matso. Washegarin ranar da Juwairiyya ta durƙusa gaban mahaifinta, gari na wayewa, na bi ta bayan firamare zan kai niƙa. Sai na hangi rawani da babbar riga rataye a reshen dogonyaro. Na leƙa. Alhaji Mika'ilu ne cikin ramin, yana cika bokiti da ƙasa! Mu'az na sama yana ja, ya kau da kai gefe don kunyar suruki.

Har yau Alhaji bai san na gani ba. Don Allah, ƙawata, ki bar shi a cikinki, kada kowa ya ji.