Katin Maitama Gola

Ƙarfe goma na safe aka kai ƙara ofishin 'yan sanda cewa an sace kati a wani dogon bene a unguwar Sentul. Kati fa. Gari a kulle saboda korona, Sufeto Sharifa ko karyawa ba ta yi ba, ga ta a hawa na tara saboda ɗan guntun kwali.

Mai katin, Alhaji Maitama, tsohon golan wasan hoki ne daga Kano. Ya zo ganin 'yarsa Walida aka rufe filin jirgi, cutar kuma ta kwantar da shi asibiti mako uku. Jiya aka sallamo shi, ya ɗaga matashinsa inda yake ajiye katin, wayam.

"Shekara goma sha huɗu ina tsaron raga," in ji shi da Turancinsa na mutanen da, yana haki. "Wani kamfanin alawa ne ya buga katin. Ba ni da wani hoton da kayan wasa sai shi."

Surukinsa Abdulwahidu, mai karatun digiri na uku a jami'ar da ke titin Jalan Semarak, tuni ya ba da sunan wanda yake zargi: Ubale, ɗalibin da ke haya a ɗakin baya. Ubale na ƙasa cikin motar 'yan sanda. In aka gurfanar da shi, biza ta tafi, tallafin karatu ya bi ta.

"Ka gan shi da katin?" Sharifa ta tambayi Abdulwahidu.

"Na ga ya fito daga ɗakin Baba."

"Yaushe?"

"Ranar... Talata. Ko Laraba."

Ta shiga ɗakin. Warin sanitaiza ya dake ta har ta cikin takunkumi. A kan taga ga 'yar ledar da ake saka katin, an buɗe bakinta an shanya. Wane ɓarawo ne zai zare kaya ya tsaya shanya leda?

Ta kira Walida. "Wa ya gyara ɗakin nan bayan an kai Baba asibiti?"

"Maigidana. Shi komai feshe shi yake, har burodi."

Abdulwahidu ya kasa tsayuwa wuri guda. Sharifa ta ɗaga kwandon wanki, ta zaro farin tsumma da koriyar tawada ta ɓata.

"Rigar golan wane launi ce, Alhaji?"

"Kore."

"Cukup lah, ya isa," ta ce wa Abdulwahidu. "Ɗauko."

Daga cikin kundin bincikensa ya zaro katin. Sandar wasa na nan, takalma na nan, amma daga ƙirji zuwa sama fari fat.

"Na fesa, na goga, sai fuskar ta biyo tsumman," ya ce, kansa a ƙasa. "Wallahi kunya ce. Da wane ido zan dubi surukina in ce na goge shi?"

Maitama ya daɗe yana kallon katin, ransa ya ɓaci ƙwarai.

"Ƙwallo ta sha wuce ni, Abdulwahidu, ban taɓa nuna ɗan baya na ce shi ne ba. Kunyata ka ji, ta Allah fa?"

Ƙarar ƙarya laifi ce. Sharifa ta tasa Abdulwahidu gaba, Walida na kuka a bakin ƙofa.

A ƙasa ta buɗe motar, ta ce wa Ubale yana iya tafiya. Bai motsa ba. Bai tambayi batun biza ba, bai ko kalli wanda ake shigarwa gefensa ba.

"Ranki ya daɗe," ya ce, "Baba ya yarda cewa ni na ɗauka?"