Katin da Kwamfuta ta Manta

Ranar Asabar masu gyaran sa-kai ke zama a ɗakin taron unguwa a Leeuwarden. Marit ta shigo rungume da ƙatuwar kwamfuta, ruwan sama na ɗiga daga gashinta. Jelmer, ɗaya daga cikin masu gyaran, ya ɗago kai, sukuduraba ta suɓuce masa.

"Na kashe ta," in ji ta. "Ta Babana ce. Na sabunta mata manhaja a ɓoye don in burge shi, yanzu ta daina ganin na'urar hotunansa."

Ya buɗe cikinta, ya ga katin da ke haɗa ta da na'urar, ya zaro ido. "Wannan katin ai ya girme ki!"

"Ya girme ka kai ma, Sarkin Sukuduraba."

Ta wannan katin ne mahaifinta, Douwe, ke juyar da tsofaffin fim ɗin hotunan marigayiya matarsa zuwa kwamfuta. Rabin aikin kawai ya yi. Jelmer ya ce katin lafiya lau yake, sai an nemo masa tsohuwar manhajar da za ta gabatar da shi ga sabuwa. Kafin ya samo ta, saƙonninsu sun daina zancen kati.

Amma akwai Sjoerd, ɗan maƙwabta mai sayar da kwamfuta, wanda ya daɗe yana son Marit. Ya shaida wa Douwe cewa tsufa ya kashe katin, ranar Laraba zai kai shi wurin zubar da kayan lantarki.

Marit ta turo saƙo: "Sarkina, in Baba ya tambaye ka, ka ce tsufa ne. Ba zan iya kallon idonsa ba."

Jelmer ya daɗe yana duban wayar. In ya ce tsufa ne, katin ya tafi, fuskar uwar ta zauna cikin duhun fim. In ya faɗi gaskiya, ya tona asirin 'yar. Wace amana ce ta fi nauyi?

Ranar Lahadi aka gayyace shi shan kofi. Douwe ya miƙa masa gwangwanin biskit, ya tambaye shi kai tsaye.

"Katin bai mutu ba, Baba. Sabuntawa aka yi."

"Aka yi? Wa ya yi?"

Jelmer ya sunkuyar da kai, bai kama sunan kowa ba. Marit ta kau da kai. Douwe ya rufe gwangwanin a hankali.

"Wato kai ne. Ka taɓa abin matata ba izini, kana kuma neman 'yata? Ga ƙofa."

Da ya isa gida ya tarar da saƙonta: "Me ya sa ba ka faɗi sunana ba?"

Ya amsa: "Asirin naki ne, Mai Ɓarnata, ba nawa ba. Ƙarya ce kawai na kasa yi."

Ranar Laraba Sjoerd ya jefa katin a kwandon kekensa kamar ɓawon ayaba. Marit ta riƙe kan keken.

"Baba, ni ce na yi."

Douwe ya sandare a bakin ƙofa. "Ke? Kina zaune na kori yaron mutane?"

Shi da kansa ya kira Jelmer. Aka mayar da katin, aka sa tsohuwar manhajar, aka tilasta wa kwamfuta ta karɓe ta. Aka kunna. Babu komai. Sjoerd ya fara murmushi.

"Kai, yaro," in ji Douwe, "na'urar hotuna ake fara kunnawa, sannan kwamfuta. Haka take so tun kana rarrafe."

Aka sake. Na'urar ta yi gurnani. Layi bayan layi, a fuskar kwamfutar, wata mata ta fito a kan keke cikin ruwan sama, tana dariya, jaririya a gabanta ta murtuke fuska. Marit ta toshe baki. Ba ta taɓa ganin wannan hoton nata da uwarta ba.

Douwe ya ƙura wa hoton ido. Sai ya tashi, ya buɗe gwangwanin, ya ajiye shi gaban Jelmer a buɗe.

Da bazara aka ɗaura auren Marit da Jelmer a ofishin magajin gari, amarya da ango a kan keke guda. Douwe ya ɗora hannu a kansu.

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Kuma duk abin da za ku sabunta, ku tambayi juna tukuna."