Motar da Take Jin Sanyi

Yara, ku matso! Wannan da idona na gani, ba wani ya ba ni labari ba. Ina tsaye a wurin, hulata a karkace.

Wata yarinya ce, ana ce mata Auta. Tana da farar kyanwa mai son ɗumi. Ran nan Baba ya dawo daga aiki. Ya ɗaga bonet don inji ya huce, ya shiga wanka. Kyanwa ta yi tsalle, ta kwanta a gefen inji.

Auta ta hango ta. Baba ya sha cewa, "Ranar da kyanwar nan ta taɓa mini mota, ta bar gidan nan."

Auta ta miƙa hannu ta fizgo ta. Sai awarwaronta ya maƙale a wata 'yar waya. Ɗas! Waya ta tsinke. Ta cusa ta cikin robar da ke rufe wayar, ta gudu ɗaki.

Washegari mota ta rikice. Da ƙyar ta tashi. Fankar inji ta kama gudu, ba tsayawa. Hayaƙi kuwa baƙi ƙirin, har kajin maƙwabta suka zaci dare ya yi, suka tafi kwana!

Baba ya kira Kawu, ƙanen Mama, bakanike. Auta ta laɓe a bayan ƙofa, kyanwa a hannu.

Baba ya ce, "Duba mini. Inji ba ya taɓuwa don zafi, amma allurar da ke nuna zafi tana kwance a ƙasa."

Kawu ya ce, "Yaya, motarka sanyi take ji."

"Sanyi? Ni da nake ta gumi?"

Kawu ya nuna wani ɗan ƙarfe. "Wannan shi ne sensa. Bakinsa yana cikin ruwan inji. Shi ke gaya wa kwamfutar mota ko ruwan ya yi zafi. In ya yi shiru, sai ta zaci sanyi ake, ta yi ta ɗura mai."

"To fanka fa? Mai jin sanyi yana kunna fanka?"

"Tsoro ne. Ba ta ji labari ba, sai ta kunna ko da wani abu."

Baba dai bai gane ba. Ni kam na gane.

Kawu ya kwance sensa. Ya haɗa shi da mitar gwaji, ya tsoma shi a kofin ruwan zafi. Lambobi suka sauka yadda ya kamata.

"Ikon Allah! Lafiyarsa ƙalau."

Ya duba soket, lafiya. Ya duba ruwan lagireto, cike yake. Ya cire hula ya sosa kai. Can sai ya tsinto wani farin gashi a jikin inji.

Baba ya daka tsawa. "Kyanwa ce ta ci mini waya! A kawo kwali a sa ta, ta bar gidan nan!"

Auta ta dubi kyanwa. Kyanwa ta dube ta. Sai ta fito tana hawaye.

"Baba, ba ita ba ce. Ni ce na tsinka. Ga ta nan, a cikin robar nan na ɓoye."

Kawu ya ja roba. Ga waya a tsinke! Ya fashe da dariya. "Auta, kin sa ni zargin ɗan ƙarfen da bai ci ba, bai sha ba!"

Ya haɗa waya, ya naɗe da tef. Mota ta tashi lafiya. Fanka ta huta, allura ta miƙe.

Baba ya ce, "Tsinka waya kuskure ne. Ɓoyewar ce laifi. Kin wahalar da kawunki, kin kusa sa a kori kyanwa a banza."

"Ka yi haƙuri, Baba. Ba zan ƙara ba."

"Na haƙura. Amma ke za ki goge wa Kawu sufanunsa duka."

Ta goge su tas, kyanwa tana barci a cinyarta.

To yara, in kun ɓata abu, ku faɗa tun da wuri, kada laifinku ya faɗa kan wani.

Duk wannan da idona na gani. Zancen kajin nan ne kawai na ƙara. Maƙwabtan ma ba su da kaji.