Ranar da Aka Ɓare Gilashin Mubina

Rana tsaka, a kan titin da ya taso daga Challawa ya nufi Sharada, Atika ta durƙusa bisa kwalta mai zafi a gaban wani ɗan sanda a shingen bincike, hawaye na bin kuncinta. Manyan motoci masu dakon fata suna ta wucewa da warinsu, 'yan keke napep suna rage gudu suna kallo, ita kuwa ko a jikinta. A kujerar bayan tsohuwar motarta mai baƙin gilashi, 'yarta Mubina ce a takure, yarinya 'yar shekara goma sha biyar, zabiya, da bandeji a bayan kunnenta na hagu.

"Yallaɓai, don girman Allah kada ku ɓare!" in ji ta. "Marainiya ce, asibiti zan kai ta wankin miki. Likita ya ce rana guba ce a jikinta... Wallahi muna da takarda!"

Sufeto Uwaisu, shugaban masu binciken, ya girgiza kai. "Baiwar Allah, ki tashi. Doka ce, ba ni na yi ta ba. Duk mota mai baƙin gilashi sai da takardar izini, mara lafiya ma ana ba shi. Kuma ke kira aka yi mana musamman, an ce ana ɗaukar mutanen da ba a sani ba a motar nan. Nuna takarda ki wuce."

Ina takarda? Ta zazzage aljihun gaban mota, ta ɗaga kujeru, ta juye jakarta a ƙasa, babu ita babu dalilinta! Aka sa reza a kusurwar gilashi aka fara jan baƙar ledar, ƙiiii... Rana ta faɗo cikin motar gaba ɗaya. Mubina ta ƙwalla ƙara ta rufe idanunta da tafin hannu, tana cusa kai ƙarƙashin hijabi. "Umma, idona! Umma, ki ce su bari!" Atika ta faɗa ciki ta kifa jikinta a kan yarinyar. Sufeto Uwaisu ya juya baya har aka gama da gilashi na huɗu.

Wannan mota ba ta alfarma ba ce, jama'a. Marigayi Musbahu, mahaifin Mubina, direba ne a wani kamfanin jimar fata a Challawa. Shekara bakwai yana hana cikinsa don ya saye ta, saboda duk ranar da 'yarsa ta hau keke sai fatarta ta soye ta yi bororo. Ya sa mata baƙin gilashi, ya yi ta zarya da takardar likita har aka ba shi izini da sunan Mubina da hotonta a jiki. Shi ya koya wa Atika tuƙi a filin makarantar Zawaciki, unguwarsu. Bai cika shekara da hakan ba ciwon ciki na kwana uku ya ɗauke shi. Atika ta kama aikin ɗinkin buhu a Sharada, ranar Litinin da Alhamis kuma ta kai yarinyar asibiti, don wani miki ya fito mata a bayan kunne, likita ya ce in rana ta ci gaba da dukansa zai koma ciwon daji.

To wa ya ɗauke takardar? Wa ya kira 'yan sanda? Ba wani bare ba ne, wallahi. Isyaku ne, yayan marigayi uwa ɗaya uba ɗaya, mai kula da sito a kamfanin da ƙanensa ya yi aiki. Tun ranar sadakar bakwai idonsa ke kan motar nan. Ya karɓi makulli wai zai duba mata mai, ya zare takardar ya sa a aljihu. Kai, wani ɗan'uwan gara maƙiyi!

Washegari ya tara dangi a tsakar gida, ya gyara zaman hula, ya fara zuba. "Kun dai ji abin kunyar da aka jawo mana. Mace, mijinta bai daɗe a kabari ba, tana yawo a mota mai duhu, ba wanda ya san wa take ɓoyewa a ciki. Har hukuma ta gane! Ni ne waliyyin yarinyar nan, dukiyar marainiya ba za ta zama ɗakin ɓarna ba."

Atika ta ji kamar an watsa mata tafasasshen ruwa. "Yaya, ku ji tsoron Allah! Wa na taɓa ɗauka in ba 'yar ƙaninku ba? Ku tambaye ta, ga ta nan."

Mubina ta rarrafo ta durƙusa a gabansa. "Baffa, ku bar mana ita ko don asibiti. Ni kaɗai ce a ciki kullum, wallahi ni kaɗai ce..."

"Rufe min baki! Zabiyoyi nawa ne a Kano ke tafiya da ƙafa, sun mutu ne?"

Dattawa suka sunkuyar da kai, mata suka taɓe baki. Isyaku ya karɓe makulli, ya haɗa da takardun motar kakaf, ya tayar da ita ya tafi.

Daga nan duniya ta juya musu baya. Atika ta je neman sabon izini, aka ce sai da takardun mota, ga su kuwa a hannun Isyaku. Ta je ƙofar gidansa a Na'ibawa sau uku, sau uku ana ce mata ba ya nan, alhali ga takalminsa a bakin zaure. Maganar ta riga ta zuwa wajen aiki, matan da suke cin abinci kwano ɗaya da ita suka dinga janye kujera, wata har da cewa, "A'a, su Hajiya mai baƙin gilashi an iso!" Maƙwabciyar da ke zama da Mubina in ta tafi aiki ta ce mijinta ya hana. Asibiti kuwa sai a keke. Ta naɗe yarinyar da zane biyu, ta kare ta da lema, amma ina! A cunkoson Sharada sai su yi awa guda rana na gasa su, iska na kaɗa zanen, gumi na shiga mikin. Su dawo gida idanun Mubina sun kumbura sun yi jajir, bandejin ya jiƙe da jini.

Cikin wata biyu mikin da bai fi ƙwayar wake ba ya cinye rabin kunnen. Ranar wata Alhamis likita ya daɗe yana dubawa, sannan ya cire tabarau ya kira Atika gefe. Ya ce abin da ake gudu ya faru, sai an yi mata aikin tiyata, kuma bai yi mata alkawarin komai ba.

A hanyar gida Mubina ta kwantar da kai a kafaɗarta. "Umma, in na mutu za su daina zaginki ko? Ai saboda ni ne..."

"Kul! Kada in ƙara ji!" Atika ta rungume ta, kuka ya ƙwace mata a cikin keke, a gaban mutane. "Ya Allah, ka ga abin da aka yi wa marainiya. Ba ni da kowa sai Kai. Ya Allah ka isar mana..."

Shi kuwa gogan naka Isyaku me yake yi da motar? Ya mayar mata da baƙar leda, wadda ta fi ta da duhu. Ashe dalilin kwaɗayin ke nan: jemammiyar fata yake sata daga siton kamfani, ya jera a kujerar baya, ya fice ba mai gani. Ya yi sawu ɗaya, ya yi biyar, ya yi goma, har ya fara jin kansa. Amma rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Wata Asabar da hantsi aka tsayar da shi a shingen bincike. Ya sauke gilashi kaɗan, ya miƙa takardar izini yana murmushi.

Sufeto Uwaisu ya karɓa, ya kalli hoton da ke jiki, sai hannunsa ya tsaya cak. Fuskar yarinyar nan ce, wadda ihunta ya hana shi sukuni tun ranar.

"Malam, wannan izinin na mara lafiya ne. Ina mara lafiyar?"

"Tana... tana gida, Yallaɓai. 'Yata ce."

"A ina ka samu takardar da uwarta ta nema tana kuka a kan titin nan? Buɗe baya!"

Da aka buɗe, fatu ne har rufin mota, da tambarin kamfani a jiki. Aka duba wayarsa aka ga ashe lambarsa ce ta yi ƙarar Atika. Isyaku ya zube ƙasa yana rantse-rantse, hula ta faɗi, gumi na tsiyaya, ba wanda ya saurare shi. A gaban alƙali ya amsa komai da bakinsa, har da ƙazafin da ya yi wa matar ƙaninsa, aka ɗaure shi shekara biyar. Dattawan da suka yi shiru ranar nan suka zo Zawaciki ɗaya bayan ɗaya suna neman gafara, ba mai iya haɗa ido da ita.

Sufeto Uwaisu da kansa ya kawo motar ƙofar gida, da takardar a hannunsa. "Hajiya, doka na bi, amma da na tsaya na bincika da ba a kai nan ba. Ki yafe min."

"Allah ya yafe mana baki ɗaya, Yallaɓai," in ji Atika.

A cikin motar aka kai Mubina asibiti ranar aiki. Awa huɗu Atika tana zaune a baranda, carbi a hannu. Da likita ya fito, ta tashi ta tare shi.

"Ki gode wa Allah, ciwon bai shiga jikinta ba, za ta rayu. Amma kunnen bai tsira ba, mun cire shi."

Atika ta kifa goshi a ƙasa ta yi sujada, tana kuka tana hamdala. Da la'asar Mubina ta farfaɗo. Ta ɗaga hannu a hankali ta shafa bandejin, ta ji wajen a shafe. Hawaye suka gangara kan matashi.

"Umma... yanzu ɗankunne ɗaya zan dinga sawa?"

Atika ta zare nata na dama, ta sa mata a kunnen da ya rage, ta bar ɗayan a nata kunnen.

"Ɗaya ke, ɗaya ni," ta ce. "Kwanta ki huta, 'yata."