Hannun da Ya Saba da Dama

Ranar da Illo ya fara ganin Ummulkhairi, a 1997, ba murmushi ta yi masa ba. Disket, faifan ajiyar bayanai, ta jefa kan teburinsa a ofishin rigakafi na Madarumfa.

"Kai ne gwanin da ya rubuta manhajar nan?"

"Ni ne, Malama."

"To, ka raba ni da aikina."

Ofishin na da ordinata, wato kwamfuta, guda biyu: Makintosh a Madarumfa, mai Windos a reshen Ɗan Issa. Manhajar Illo na aiki a kan duka biyun, amma ya bar kowace da fuskarta: a nan "Ajiye" ke dama, a can "Soke". Shekara biyu Ummulkhairi na sakatariya a Madarumfa kafin zuwan Illo, hannunta ya saba da dama. Da aka tura ta Ɗan Issa, ta buga sunayen yaran ƙauye shida tana danna "Soke" ba ta sani ba, ko ɗaya bai shiga ba. Motar allura ta wuce su. Shugaba ya ba ta mako guda ta tattara kayanta.

"Haka masu ƙera injunan suka tsara," in ji Illo, yana hura hanci.

"Haka aka saba, ko? Maganar da ta durƙusar da mu ke nan. Ƙyanda ba ta tambayar sunan inji."

Kwana uku yana fushi. Ran na huɗu ya je Ɗan Issa ya gwada da sauri irin nata, sai nasa hannun ma ya danna "Soke". Ya zauna ya mayar da fuskokin iri ɗaya, sannan ya aika mata takarda:

"Ummu, na gyara. Ki yafe mini. Faɗanki ya hana ni sakat."

Amsa ta dawo: "Ba ni ce Ummunka ba. Inji ka wanke, sunana fa?"

Washegari ya tashi tsakiyar taron ma'aikata ya ce laifin nasa ne. Aka mayar da ita, shi aka sallame shi.

Da yamma ta aiko: "Ɗan taurin kai, ka ci abinci kuwa?"

Da kawunsa ya je neman aure, mahaifinta Alhaji Ɗan Baba ya ɗaure fuska.

"Wanda ya ja wa ɗiyata zagi, ga shi ba aiki? Shamsu mai motocin Katsina ya riga ku."

Ita da kanta ta durƙusa gabansa.

"Baba, Shamsu cewa ya yi in haƙura in zauna gida, wai ƙaddara ce. Illo ya tsaya gaban mutane ya ce ban yi laifi ba."

Alhaji ya daɗe yana jan casbi.

"Ku biyun nan ba ku raga wa kowa. Gara ku ƙare da juna."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Kafin a kai amarya, Alhaji ya riƙe hannunta ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba maƙwabtanku haƙuri."

Ummulkhairi ta ce amin, tana dariya cikin mayafi.